Kafin ya cika shekara: yadda ake kai yaro wurin likitan haƙori karon farko

Yawancin iyaye ba sa tuna akwai likitan haƙori sai daren da yaro ya hana kowa barci, yana kuka dafe da kumatu. A lokacin kuwa an makara, domin ramin da ya ci haƙori har ya taɓo jijiya ba jiya ya fara ba. Ƙa'idar da likitocin haƙoran yara suka tsaya a kai ita ce a kai yaro cikin wata 6 da fitowar haƙorinsa na farko, kuma kada a bari ya wuce ranar da zai cika shekara ɗaya. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka da ta likitocin yara ta ƙasar duk a kan haka suke, takwararsu ta Birtaniya ma ta ƙaddamar da gangami a 2017 tana kiran iyaye da su kawo jarirai a duba musu baki kafin su shekara.

Da can shekara uku ake cewa. Dalilin a bayyane yake: lokacin haƙoran nono 20 sun gama fitowa, yaro kuma ya iya zama a kujera ya buɗe baki idan an ce ya buɗe. Abin da ya sa aka sauya shi ne yara da yawa kan iso a shekara ukun nan bakinsu ya riga ya lalace. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono a faɗin duniya.

Me za a duba a bakin da haƙori biyu ne kacal?

Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiyar magana ita ce rabin wannan zuwa na farko ba don yaron ake yin sa ba, don iyayen ne. Likita zai ga baki a cikin 'yan mintoci. Sauran lokacin hira ce a kan abin da ke shiga bakin nan safe da dare, saboda can ne ciwon ke farawa.

Ga yadda abin yake. A kan kowane haƙori akwai wata farar dauɗa mai danƙo da ke taruwa kullum, cike take da ƙwayoyin cuta. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin nan sai su ci su fitar da asid, shi kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Kowane cin zaƙi kan bar baki cikin wannan tsami na kamar minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin yawu ya wanke shi ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Idan aka ba haƙori hutu tsakanin ci da ci, yana gyara kansa. Idan kuwa yaro na kurɓar abu mai zaƙi duk bayan 'yan mintoci, ko ya kwana da shi a baki lokacin da yawu ke raguwa saboda barci, to ɓarna ta fi gyara yawa. Ɓawon haƙorin nono kuma bai wuce kamar rabin kaurin na babba ba, shi ya sa abin da zai ɗauki shekaru a bakin babba yake gamawa cikin watanni a bakin yaro.

Sai maganar da kowa ya saba ji: ai haƙoran nono ne, famfara zai yi, wasu su fito. Na gaba ne kawai ke zubewa a wajen shekara 6 ko 7. Turamen nono suna nan har shekara 10 zuwa 12, wato yaron da turminsa ya ruɓe yana ɗan shekara uku, ko dai ya yi shekara bakwai ko takwas yana tauna da ruɓaɓɓen haƙori, ko a cire masa. Idan an cire da wuri kuma, maƙwabtan haƙorin sai su matso su cike gurbin, na dindindin ya zo fitowa bai sami wuri ba, ya ɓullo a karkace. Mugunyar da ta taru a gindin haƙorin nono ma tana iya ɓata na dindindin ɗin da ke ƙasa yana haɗuwa. Ban da rashin cin abinci da rashin barci da ciwon ke jawowa a daidai shekarun da yaro ya fi buƙatar su.

Mataki na farko: ku riƙe ranar da haƙori ya ɓullo

Galibi na farko kan fito a wajen wata 6, kuma na gaba ne a ƙasa, biyu a jere. Wani yaron tun wata 4, wani sai ya kusa shekara, duk lafiya ce. Ranar da kuka ji ɗan kaifi a dasashi, ku rubuta a katin rigakafinsa ko a waya, ku ƙirga wata 6 daga nan. Idan lissafin ya zarce ranar cikarsa shekara, to ranar cika shekarar ce iyaka. Yaron da ya shekara babu haƙori ko ɗaya shi ma a kai shi, ko da yake yawanci jinkiri ne kawai. Idan har ya kai wata 18 babu komai, wannan kam dole a bincika.

Akwai yaran da ba a jira musu wannan lissafi. Jaririn da aka haifa da haƙori, abin da kan faru ga kamar ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 3,000, a nuna shi tun a makonnin farko, domin a ga ko yana girgiɗi ko yana yanka harshensa ko nonon uwa. Kada kowa ya cire shi a gida. Haka wanda aka haifa da tsagar leɓe ko ta ganɗa, da bakwaini, da mai ciwon zuciya na haihuwa, da mai sikila, da duk wanda ke shan maganin ruwa mai zaƙi kullum na tsawon lokaci. Mai ciwon zuciya musamman, saboda ƙwayar cutar baki na iya bin jini ta sauka a zuciyar.

Tun haƙori bai fito ba, ku saba goge masa dasashi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa, ko sau ɗaya ne da dare. Amfaninsa mafi girma shi ne ya saba da hannu a bakinsa, ranar da buroshi zai shigo ba zai zame masa baƙon abu ba.

Mataki na biyu: ku koyi ɗaga leɓe

Wannan ne abin da na fi so kowace uwa da kowane uba su iya, ko da sun manta sauran. Sau ɗaya a wata, a wuri mai haske, ku kwantar da yaro a cinya, ku ɗaga leɓensa na sama da yatsa har ku ga inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ku share yawun da tsumma, saboda jiƙaƙƙen haƙori yana ɓoye alama. Lafiyayyen haƙori yana sheƙi, launinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Abin da kuke nema shi ne wani farin layi ko tabo marar sheƙi, kamar an shafa alli, a bakin dasashi.

Wannan farin tabo shi ne ruɓewa a matakinta na farko. Babu rami, babu ciwo, yaro na wasansa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ita har haƙorin ya sake ƙarfi, ba tare da an taɓa shi da inji ba. Da zarar ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, ɓawon ya fashe ya zama rami, to ba ya komawa, sai ciko. Tsakanin fari da rami ne duk ribar zuwa da wuri take.

Haƙoran gaba huɗu na sama su ne ke fara kamuwa, don su abin sha ke fara wanka. Na ƙasa harshe na rufe su lokacin tsotso, ga kuma yawu kusa da su, shi ya sa sukan tsira. Matsalar ita ce na ƙasan ake gani idan yaro ya yi dariya, na saman kuma leɓe ya rufe gindinsu. Uwa sai ta ga farare tas a ƙasa ta ɗauka komai lafiya. Idan kun ga farin nan, ko kwana nawa yaron yake da shi a duniya, kada ku jira ranar da kuka tsara.

Mataki na uku: wa za a gani, kuma yaushe

Idan akwai likitan da ya ƙware a haƙoran yara, shi ya fi. Idan babu, kowane likitan haƙori zai iya, amma ku tambaya tun kafin ku je ko suna duba 'yan ƙasa da shekara biyu, domin wasu ba su saba ba, sai su ce a dawo da shi in ya girma. Wanda ya faɗi haka, ku nemi wani. Inda likitan haƙori ya yi nisa ƙwarai, ku roƙi likitan yara ko ma'aikaciyar jinya da ke awo da rigakafi ta ɗaga leɓen ta duba, ta kuma rubuta muku takardar turawa idan ta ga wani abu. Bai kai zuwa wurin mai abin ba, amma ya fi zama.

Ku nemi lokacin safe, bayan ya yi barci ya ƙoshi. Yaro mai jin yunwa ko barci ko a gida ba ya yarda a taɓa shi, balle a baƙon wuri. A ba shi abinci mai sauƙi, a goge masa baki kafin a fita. Idan yana zazzaɓi ko mura mai ƙarfi a ɗaga ranar. Idan da hali a je mutum biyu, ɗaya ya riƙe yaro ɗaya ya saurari likita, sauran yaran kuma a bar su a gida.

Ku tafi da katin asibitinsa, da duk maganin da yake sha, da buroshi da man goge bakin da kuke yi masa amfani da su. Idan yana shan bulumboti ko yana da robar tsotso, su ma a ɗauko. Likita zai so ya san daga ina ruwan shanku yake, na famfo ne ko na rijiya ko na burtsatse, saboda yawan sinadarin fulorayid ya bambanta daga ruwa zuwa ruwa. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa yana sa masa dabbare-dabbare tun yana haɗuwa a cikin dasashi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita ɗaya.

Mataki na huɗu: abin da za a faɗa wa yaro

Ɗan wata goma babu abin da za a gaya masa, fuskarku kawai yake karantawa. Idan uwa ta shiga a tsorace, jikinta a ɗaure, shi ma zai ɗauka. Wanda ya fi kowa tsoron likitan haƙori a gidan, gara ya bar wa ɗayan rakiyar.

Ɗan shekara biyu ko uku kuwa, a gaya masa da safen ranar, a taƙaice: "Za mu je likita ya ƙirga maka haƙora." Shi ke nan. Kada a ce "ba zafi", domin shi bai kawo zancen zafi ba sai da kuka ambata. Kada a ambaci allura ko cirewa, kada kuma yayyensa su zauna suna ba shi labarin abin da aka yi musu. Mafi muni shi ne mayar da likita abin tsoratarwa, irin "in ba ka daina kuka ba na kai ka a cire maka haƙori". Wanda aka raina da wannan, ranar da ya buƙaci likita da gaske sai an danne shi. Kwana biyu kafin tafiya ana iya yin wasan a gida: ya kwanta a cinya, ya ce "aaa", a ƙirga, shi ma ya ƙirga na babansa.

Mataki na biyar: cikin ɗakin likita

Ba a ɗora jariri a babbar kujerar nan. Uwa da likita ne za su zauna suna fuskantar juna, gwiwa na taɓa gwiwa. Yaro ya zauna a cinyar uwa yana kallonta, ƙafafunsa sun zagaye ƙugunta, sannan a kwantar da shi ta baya a hankali har kansa ya sauka a cinyar likita. Uwa ta riƙe masa hannaye, yana ganin fuskarta, likita kuma yana ganin bakin gaba ɗaya daga sama.

Zai yi kuka, kusan tabbas. Kada ku ji kunya, kada ku tsawata masa, kada kuma ku ɗauke shi a tsakiyar dubawa. Kukan ƙin kwanciya ne, ba na ciwo ba, kuma likitocin yara sun saba. Bakin mai kuka ma a buɗe yake, aikin ya fi sauri. Ana ɗaga shi ya faɗa ƙirjin uwa, yawanci magana ta ƙare.

Likita zai ƙirga haƙora ya ga ko fitowarsu ta yi daidai da shekaru, ya busar da su ya nemi farin tabon nan, ya duba ko ɓawon wani haƙorin ya fito da rauni tun asali, ya dubi dasashi da harshe da ganɗa da 'yar tantanin da ke ƙarƙashin harshe, da yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa. Sau da yawa zai goge haƙoran a gabanku don ku ga yadda ake yi. Hoton haƙori ba a cika buƙatarsa a wannan zuwa ba sai in an faɗi ko an ga wani abu.

Wataƙila ya shafa wa haƙoran wani man fulorayid mai kauri da ɗan ƙaramin buroshi. Ya fi na man goge baki ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ɗan mitsitsi ake sawa, kuma yana kamewa da zarar ya taɓa yawu. Ba ya zafi, minti ɗaya ko biyu an gama. Haƙoran na iya yin ɗan rawaya a ranar, washegari ya tafi. Galibi za a ce a ba shi abinci mai laushi kuma kada a goge baki na wasu sa'o'i ko sai da safe. Ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 6 gwargwadon haɗarin da yaron ke ciki.

Idan an riga an sami rami, ba lallai ne a kai ga inji ba. Akwai wani ruwan magani mai haɗin azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a ramin ya tsayar da ruɓewar, akwai kuma wani ciko mai laushi da ake iya sawa da kayan hannu kawai. Duka biyun, tare da man goge baki mai fulorayid, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a jerin muhimman magungunanta a 2021. Sai dai ruwan azurfar yana mayar da ruɓaɓɓen wurin baƙi ƙirin, kuma ba ya fita. A turmi ba damuwa, a haƙorin gaba kuwa ku nemi a nuna muku hoton yadda yake zama kafin ku amince.

Sai tambayoyi. Yana kwana da bulumboti? Me ake zuba masa? Sau nawa yake cin zaƙi a yini? Ku iyayen kuna da ramin haƙori? Ku faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba, domin da amsarku zai yanke ko yaron na cikin masu haɗari sosai. Tambayar haƙoran iyaye ba shisshigi ba ne: ba a haihuwar jariri da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori, yawanci daga bakin mai rainonsa yake samu, ta cokali ɗaya, ko abincin da aka tauna masa, ko robar tsotso da ta faɗi aka tsotse aka mayar masa. Uwar da ke da ruɓaɓɓen haƙori, gyara nata na cikin kare na ɗanta. Ku ma kada ku fito ba ku tambayi abu uku ba: me ya gani, me za ku sauya a gida, yaushe za a dawo.

Mataki na shida: aikin gida

Goge baki yana farawa ranar da haƙorin farko ya fito, sau biyu a rana, kuma na dare shi ne wanda ba a fashinsa. Buroshi mai ƙaramin kai da laushin gashi. Man goge baki ya zama mai fulorayid, ku duba jikinsa ku ga an rubuta aƙalla 1000 ppm, wato ma'aunin yawan fulorayid ɗin da ke ciki. Da yawa daga waɗanda ake yi wa ado da zanen yara ba su kai haka ba, wasu ma babu ko kaɗan. Ƙasa da shekara 3 a shafa kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Babba ne zai matsa man, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai. Bayan an goge ya tofar in ya iya, amma kada a kuskure da ruwa, don ɗan abin da ya rage shi ke aiki cikin dare. Bayan gogewar dare ba abin da zai sake shiga baki sai ruwa.

Ku tsaya ta bayansa ko ku kwantar da kansa a cinya, ku ɗaga leɓe, ku bi bakin dasashi. Zai ƙi, wani lokacin har da kokawa. A haƙura a yi. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai wajen shekara 7 ko 8, kafin nan a bar shi ya fara don ya koya, babba ya ƙarasa.

Bulumboti kuwa, kada a kwantar da yaro da shi in ba ruwa ne a ciki ba. Madara ma tana da nata sukarin, balle wadda aka ƙara wa sukari, ko shayi, ko ruwan 'ya'yan itace. A fara koya masa kofi daga wata 6, a raba shi da bulumboti tsakanin shekara ɗaya da wata 18. Ruwan 'ya'yan itace ba na ɗan ƙasa da shekara ba ne, sukarin da ake ƙarawa a abinci kuma gara a jinkirta shi har shekara 2. Kada a tsoma robar tsotso a zuma ko sukari; zuma ma sam ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara saboda wata cuta mai shanye jiki da take iya jawo masa.

Nonon uwa daban ne, kada wani ya tsorata ku da shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan: nono zalla wata 6, a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. A shekarar farko ma masu shan nono sun fi masu bulumboti tsira daga ruɓewa. Abin lura shi ne bayan shekara ɗaya, ga haƙora sun yi yawa ga abinci mai zaƙi ya shigo, yaron da ke kwana da nono a baki dare duka kuma ba a goge masa, haɗarinsa na ƙaruwa. Maganin ba yaye ba ne, gogewa ce da rage yawan tsotson dare.

Game da alawa da biskit da lemon kwalba, yawan lokutan ci ya fi yawan abin da aka ci ɓarna. Alawa uku a zama ɗaya bayan abinci ta fi sauƙi a kan guda ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Wannan sai an gaya wa kakanni da masu raino, don sau da yawa ta hannunsu take shigowa.

Tsotson yatsa ko roba ba abin tashin hankali ba ne a shekara biyun farko. Idan ya zarce shekara 3 yana iya turo haƙoran sama gaba ya bar giɓi tsakanin sama da ƙasa, sai a fara lallaɓa shi ya bari.

Fitar haƙori da abin da ake ɗora mata

Fitar haƙori na kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, cizon duk abin da aka samu, rigima, da ɗan ɗumin jiki. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa ko amai ko suma. Abin da ke rikita mutane shi ne lokacin ya zo daidai da sanda kariyar da jariri ya samo daga uwa ke raguwa, ya fara rarrafe, komai ya ɗauka sai baki. Ciwon gaske ne ke zuwa tare da haƙorin, a ce ai haƙori ne, a zauna. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ko gudawa, asibiti ake kai su, ko haƙori na fitowa ko ba ya fitowa.

Don ƙaiƙayi, a murza dasashi da yatsa mai tsabta, ko a ba shi tsumma mai sanyi ko robar cizo da aka sanyaya, ba wadda ta daskare ba. A guji man shafawa mai kashe zafi: a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan masu ɗauke da sinadarin kashe zafi da ake kira benzocaine ga 'yan ƙasa da shekara 2, saboda yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi. A guji garin magani ko ruwan magani na "haƙori" da ba a san haɗinsa ba, da sarƙar wuya ta cizo mai iya shaƙe yaro. Asfirin ba a ba yara, ba a kuma ɗora shi a dasashi, ƙona shi yake. Kuma kada a yarda kowa ya tsaga dasashi ko ya ƙwaƙule wani abu da sunan taimakon haƙori ya fito.

Abin da ba ya jiran ranar alƙawari

Kumburin kumatu ko ƙarƙashin ido ko muƙamuƙi, musamman da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Idan haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a tafi a take ko tsakar dare ne. Ɗan ƙurji a dasashi saitin haƙori alamar mugunya ce, ko da ba ya ciwo. Dasashi mai zubar jini da gyambo da wari a bakin yaro mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda shi ma na gaggawa ne, domin haka cutar zaizayar baki da ake kira noma take farawa, kuma cikin kwanaki take cin fuska. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, a farkonta kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Sai faɗuwa, wadda ta fi yawa a lokacin koyon tafiya. A danne wurin da tsumma mai tsabta jini ya tsaya, a sa abu mai sanyi a leɓe, a kai shi a duba ko da haƙorin bai karye ba. Wanda ya nutse cikin dasashi ko ya goce, kada a ja shi. Idan haƙorin nono ya fita ɗungurungum, ba a mayar da shi, domin turawar na iya lalata na dindindin da ke ƙasa. A tafi da shi dai likita ya tabbatar ya fita duka. Na dindindin kuwa akasin haka ne: a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a ɗauraye, a mayar gurbinsa nan take, in ba a iya ba a jefa shi cikin madara a garzaya, don bayan sa'a ɗaya a bushe da wuya ya kama. Haƙorin da ya yi duhu makonni bayan faɗuwa shi ma a nuna shi.

Idan ya riga ya wuce shekara

Ɗan shekara biyu ne ko huɗu bai taɓa zuwa ba? A nemi rana a wannan makon, tun babu ciwo, don zuwansa na farko ya zama na ƙirga haƙora kawai. Daga nan yawanci duk wata 6 ake komawa; likita na iya cewa wata 3 ga mai farin tabo, ko ya tsawaita zuwa shekara ga wanda bakinsa ke lafiya.

A wajen shekara 6 ku sa ido a can ƙurya. Turamen dindindin na farko guda huɗu suna fitowa ne a bayan na nono, babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsu na nono su ƙyale su su ruɓe. Samansu na da 'yan kwaruruka masu riƙe abinci, buroshin yaro kuma da ƙyar yake kaiwa can. Da sun gama fitowa, ku tambayi likita ko suna buƙatar ɗan rufin da ake zubawa a kwarurukan ya toshe su. Ba a huda haƙori wajen sa shi, ba a kuma yin allura.